Idan Loma Ta Ƙi Wucewa: Wahalar Haɗiya, Dalilanta Da Maganinta

'Yan'uwa, duk wanda ya saba fita ziyarar marasa lafiya, fasto ne ko dattijon ikkilisiya ko 'yar zumuntar mata, ya san wannan magana: "Baba ya daina cin abinci." Akan faɗe ta da ɓacin rai, kamar tsohon ne ya ga dama ya kafe. Amma in muka zauna muka lura, sau da yawa ba ƙin abinci yake yi ba. Yunwa tana nan tana cinsa. Tuwon ne ba ya wucewa, ko kuwa da ya kurɓi ruwa sai ya ƙware har idanunsa su kaɗa su yi ja. Ya gaji da shan wuya, ya gaji da jin kunya a gaban jikoki, sai ya ture kwano gefe.

Wahalar haɗiya ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce, kamar zazzaɓi, wadda cututtuka da yawa ke kawowa. Wasu suna wucewa cikin mako guda, wasu kuma in aka yi musu jinkiri suna kai mutum kabari. Abin da muke so a nan shi ne mu iya rarrabe su, mu kuma san yadda za mu ciyar da mai irin wannan larura ba tare da mun cuce shi ba.

Yadda loma take sauka

Muna haɗiya sau ɗaruruwa a rana, har cikin barci muna haɗiye miyau, ba mu taɓa tsayawa mu yi tunanin aikin da ke ciki ba. Tsokoki fiye da 30 ne suke haɗa hannu, ƙwaƙwalwa tana ba kowace umarni a kan lokacinta. Haƙora suna tauna, miyau yana jiƙawa, harshe ya dunƙule lomar ya tura ta baya. A can bayan baki hanya ta rabu biyu: ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu, ta baya kuma ta abinci ce, tana sauka zuwa tumbi. A daidai lokacin da loma ta iso mararrabar, numfashi yakan tsaya na ɗan ƙiftawar ido, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska. Ku ɗora yatsa a wuyanku ku haɗiye miyau, za ku ji ɗagawar. Daga nan loma ta shiga bututun abinci, mai tsawon kamar santimita 25 a jikin babba, shi kuma ya riƙa matsa ta ƙasa har ta kai ƙofar tumbi.

Saboda haka likita yakan fara da tambayar inda abin yake tsayawa. Wanda matsalarsa take a baki da maƙogwaro, fara haɗiyar ce take gagararsa: yana tari, yana ƙwarewa, ruwa yana fitowa ta hanci, miyau yana dalala, muryarsa ta koma kamar mai magana da ruwa a wuya. Wanda matsalarsa take a bututun abinci kuwa yana haɗiyewa lafiya, sai bayan 'yan daƙiƙu ya dafe ƙirji ya ce abu ya tokare a nan.

Shanyewar ɓarin jiki

A cikin dattawanmu wannan ce babbar hanya. Hawan jini ya yi yawa a cikinmu, da dama kuma ba su san suna da shi ba sai ranar da suka faɗi. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ba hannu da ƙafa kaɗai suke shanyewa ba, tsokokin haɗiya ma suna iya shanyewa. Kusan rabin waɗanda abin ya sama suna fama da haɗiya a kwanakin farko. Abin farin ciki, yawancinsu suna samun sauƙi cikin makonni. Abin tsoro kuma, waɗannan kwanakin farko su ne lokacin da dangi suka fi matsa wa mara lafiya da kunu da ruwa, don ƙauna.

Abin da ke faruwa shi ne, murfin nan ba ya rufewa a kan lokaci, sai kunu ya zarce huhu. Wani zai yi tari, ku gane. Wani ko tarin ba ya yi, domin jijiyoyin da za su sanar da shi sun mutu, abinci yana shiga huhu shiru. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, a ce sanyi ne ya kama shi. Ciwon huhu ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar ɓarin jiki bayan sun tsira daga faɗuwar kanta. Don haka wanda ya faɗi, bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko ƙwaya, sai an kai shi asibiti an gwada haɗiyarsa.

A nan dole mu yi wa kanmu magana, mu masu zuwa addu'a. Akwai masu ɗura ruwa ko mai a bakin wanda ya suma, da sunan taimako. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin da aka zuba masa huhu yake tafiya, mai kuwa ya fi ruwa ɓarna a huhu. A yi addu'a, a riƙe hannunsa, a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Bakinsa dai a bar shi.

Ciwon karkarwa da likitoci ke kira Fakinsan, da ruɗewar tsufa mai tafiya da mantuwa, su ma suna raunana haɗiya, amma a hankali. Tsohuwa takan riƙe loma a kunci ta manta da ita.

Wanda yake farawa da nama

Akwai wani salo da muke roƙo kowa ya riƙe. Mutum mai shekara 50 ko fiye ya lura nama yana tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Bayan wata biyu tuwo ma sai an sassauta. Ya koma fate, daga fate ya koma kunu, wando yana zame masa, daga baya miyau ma ya gagara. Wannan tafiya, daga mai tauri zuwa mai ruwa, tare da rama, alama ce cewa bututun yana tsukewa, kuma abu na farko da likita zai so ya tabbatar ko ya kawar shi ne ciwon daji na bututun abinci. Taba da giya su ne manyan masu jawo shi, in sun haɗu kuma haɗarin ya ninka, ko giyar kwalba ce ko burukutu ko ogogoro. A shekarar 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi. Masu kurɓar shayi da koko yana tururi, a bari ya ɗan huce.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne inda watannin farko suke tafiya. Mutum ya ce ya ci abinci a wurin biki ko a gidan makoki, tun daga ranar wuyansa bai koma daidai ba. Sai a ce an sa masa abu. A zargi matar wa, a zargi maƙwabci, a zargi wata tsohuwa da ba ta da mai tsaya mata. A yi ta yawo daga mai magani zuwa gidan addu'a, a sayar da akuya, a sayar da hatsi. Lokacin da za a isa asibiti ƙarin ya riga ya bazu, zumunci kuma ya riga ya tsage. Gaskiyar ita ce ƙari yakan daɗe yana girma kafin ya tare hanya. Ranar bikin ita ce dai ranar da mutum ya ci nama da yawa har ya lura. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma fasto ko mai bishara da aka kawo wa irin wannan ƙara, hakkinsa ne ya tambaya ko an ga likita kafin a ci gaba da wata magana.

Ba kowace tsukewa ce daji ba. Ƙwannafi na shekara da shekaru, wato ruwan tsamin ciki da ke tasowa yana ƙona ƙirji, yana iya barin tabo ya matse bututun, wannan kuwa ana buɗe shi a asibiti a kuma ba da maganin rage tsamin. Akwai cutar da ƙofar tumbi take ƙin buɗewa, tuwo da ruwa duka su riƙa tsayawa tun daga farko, abinci yana dawowa baki da dare, ita ma tana da magani. Maƙoƙo in ya girma yakan danne hanya daga waje. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau wanda ba ya shan magani yakan sami farin kurji a baki da maƙoshi, haɗiya ta zama azaba, maganin kuwa yana nan kuma yana aiki cikin kwanaki. Har ƙwayar magani, irin su doksisaikilin, in an haɗiye ta ba ruwa aka kwanta, tana iya maƙalewa ta yi gyambo. A sha ƙwaya da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye.

Akwai kuma masu jin kamar wani ƙulli ya tsaya a wuya, amma abinci da ruwa suna wucewa lafiya, ba rama. Yawanci damuwa ce ko ƙwannafi, muna ganinsa ga masu makoki. Ba shi da haɗari, amma likita ne zai faɗi haka.

Yara: soda, mashaƙo da wanzami

Mata da yawa a ikkilisiyoyinmu sun koyi yin sabulu, sana'a ce mai kyau da ta biya kuɗin makarantar yara da dama. Amma sodar da ake yin sabulun da ita, a bushe kamar sukari take, in an jiƙa ta kuma ba ta da bambanci da ruwa. A zuba ta a gorar ruwa ko kwalbar lemo, a ajiye a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, yaro ɗan shekara biyu ya dawo daga wasa da ƙishi. Kurɓa ɗaya ta isa ta ƙona bututun abinci. Bakin yakan warke cikin kwanaki, iyaye su yi murna. Sai bayan mako uku ko fiye, tabon ciki ya fara tsukewa, yaro ya riƙa dawo da duk abin da ya ci, yana ramewa a gaban kwano cike. Irin wannan yaro yakan yi watanni ko shekaru ana kai shi ana buɗe masa bututun, wani sai an huda ciki an sa masa robar abinci, wani sai babbar tiyata.

In hakan ta faru, kada a sa yaro amai, domin sodar za ta sake ƙona hanya a dawowarta. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi lemon tsami don a kashe ƙarfinta. A wanke masa baki da fata da ruwa mai yawa, a ɗauki gorar a tafi da ita asibiti nan take, ko da yaron yana wasa. Shugabannin zumuntar mata da ke shirya koyar da sabulu, muna roƙo wannan gargaɗi ya zama darasin farko kafin a buɗe buhun soda: mazubi na dabam mai alama, a sama, a kulle.

Haka ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, na agogo da kayan wasa. In ya maƙale a bututun abinci yana iya yin mummunar ƙuna cikin awa biyu. Ba a jira a ga ko zai fita.

Mashaƙo kuwa, mun ga abin da ya yi tun daga ƙarshen 2022 da cikin 2023, ya fi tsanani a Kano, ya kuma taɓa Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su cika rigakafi ba. Yaro zai yi zazzaɓi da ciwon wuya, ya kasa haɗiya, wuya ya kumbura, wani farin ɓawo mai toka-toka ya shimfiɗu a maƙoshi. Kada a kankare shi. A ware yaron daga 'yan'uwansa a kai shi asibiti a ranar, domin dafin cutar yana taɓa zuciya. Allurar da ake yi wa jariri a mako 6, mako 10 da mako 14 tana kare shi, kyauta kuma ake yin ta a asibitocin gwamnati.

Sai maganar beli. A garuruwanmu da yawa, da yaro ko babba ya ce haɗiya tana masa zafi, sai a ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Beli ba cuta ba ne, kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen tare hanyar hanci lokacin haɗiya. In ya kumbura, ciwon maƙoshi ne ya kumbura shi, ciwon ne ake yi wa magani. Yanke shi yana jawo zubar jini, ruɓewa, tetanus mai ƙulle muƙamuƙi, da cututtukan da aska ɗaya ke ɗauka daga wannan baki zuwa wancan. In kuma mashaƙo ne ko daji, an yanke beli an bar cutar tana ci.

Wanda kare ya ciza makonni ko watanni da suka wuce, yanzu yana firgita in ya ga ruwa, maƙoshinsa yana shaƙewa in ya yi ƙoƙarin sha, wannan ciwon haukan kare ne, in ya kai nan kuwa da wuya a tsira. Maganinsa a ranar cizon yake: a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a je a fara allura.

Abin da za a yi a asibiti

Duk wahalar haɗiya da ta wuce mako biyu, ko take ƙaruwa, ko ta zo da rama, aman jini, dushewar murya ko ƙulli a wuya, ta likita ce. Wanda ya kasa haɗiye miyaunsa ko numfashi yake masa wuya, ba ya kwana a gida.

Gwaje-gwajen ba abin tsoro ba ne. Akwai wanda ake ba mutum wani farin ruwa mai kauri, bariyam, ya sha ana ɗaukar hoto, a ga inda hanya ta matse. Akwai endoskofi, siririyar roba mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki, likita ya gani da idonsa, ya ɗan tsinko nama a auna. Tsinkar naman ba ta sa daji ya bazu, kamar yadda wasu ke faɗa, ita ce take nuna irin maganin da ya dace. Ƙaramin asibiti zai tura ku manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, Shika ta Zariya, Kano ko Maiduguri, a Kaduna kuma akwai cibiyar ƙasa ta kunne, hanci da maƙogwaro. Ku tafi da bayanin ranar da abin ya fara, ko tuwo ne ya fara tsayawa ko ruwa, da duk magungunan da ake sha har da na gargajiya.

Wata rana likita zai ce a sa roba ta hanci don ba da abinci. Mun sha jin dangi suna ƙi, suna cewa duk wanda aka sa wa roba ba ya tashi. Yawanci ba robar ce take kashe su ba. Ana sa ta ne ga wanda ciwonsa ya riga ya yi tsanani, shi ya sa ake ganin haka. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, ita ce take riƙe shi da abinci da magani har haɗiyarsa ta dawo a cire ta.

Ciyarwa a gida

A nan ne yawancin aikin yake, kuma yawanci a kan mata da 'yan mata yake faɗawa. A zaunar da mara lafiya tsaye sosai, a tokare shi da matashi, kai ya ɗan sunkuya gaba, ba a ɗaga haɓa sama ba. Ba a ciyar da mutum a kwance ko yana gyangyaɗi. Ƙaramin cokali, loma ɗaya, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. A kashe rediyo, kada a ja shi da hira yana ci. In an gama a duba kuncin ɓangaren da ya shanye, a kwashe abin da ya maƙale, a bar shi a zaune rabin awa. A wanke masa baki safe da yamma ko da ba ya da haƙori ko ɗaya, domin ƙazantar baki ita ce take bin miyau ta sauka huhu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwa zalla ya fi ƙware masu irin wannan larura, saboda yana gudu kafin murfi ya rufe. Abu mai ɗan kauri, mai santsi, wanda ba gudaji a ciki, ya fi sauƙin sarrafawa: kunun gyaɗa mai kauri, koko da aka tace, faten acca ko gwate da aka dama ya yi laushi, dankali ko kabewa da aka murƙushe, ayaba, ƙwai, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa. A guji gyaɗa, guguru, garin kwaki, dambu, kifi mai ƙaya da nama mai jijiya, da abin da ya haɗa ruwa da gudaji kamar furar da ba ta damu ba. Kunu fari kullum ba ya riƙe jiki, a ƙara masa madara, gyaɗa ko waken suya. Irin kaurin da ya dace da kowane mutum, ma'aikacin lafiya ne zai gwada ya faɗa. Kada a daka ƙwayar magani sai an tambaya, akwai waɗanda ba a dakawa. A lura da fitsari, in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba.

Ɗura, ko ga jariri ko ga tsoho, a daina ta. Toshe hanci a zuba kunu yana tilasta mutum ya ja numfashi ta bakin da ke cike.

In mutum ya shaƙe yana tari, a bar shi ya yi tarin, kada a ba shi ruwa. In ya kasa tari ya kasa magana, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau 5. In bai fita ba a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya, a ja ciki da sama sau 5, a riƙa maimaitawa. Jariri da bai kai shekara ba ba a matsa masa ciki, a kifa shi a kan hannu kansa a ƙasa a bubbuga baya, a juyo shi a danna ƙirji da yatsu biyu.

Dattawan da ke kai Jibin Ubangiji gida ga marasa lafiya, ku fara tambayar mai jinya abin da yake iya haɗiyewa. Ɗan ɓarɓashin gurasa da aka jiƙa ya isa, ko a taɓa leɓensa kawai. Wanda likita ya hana ba shi komai ta baki, a yi masa karatu da addu'a, ba abin da ya ragu a zumuntarsa. Haka azumi, ba a ɗora shi a kan wanda jikinsa ya riga ya rame.

Akwai kuma lokacin da ciwo ya kai ƙarshe, jiki ya daina neman abinci, haɗiya ta tsaya gaba ɗaya. 'Ya'ya sukan ji kamar suna kashe mahaifinsu da yunwa in ba su tura masa wani abu ba, wasu kuma tsoron bakin dangi ne yake sa su. A wannan mataki tura abinci ƙwarewa da wahala kawai yake ƙarawa. Abin da yake bukata shi ne a riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da tsabtataccen ƙyalle mai ruwa, a shafa masa ɗan man kaɗanya a leɓe kada ya tsage, a juya shi daga gefe zuwa gefe kowace awa biyu, a roƙi likita maganin rage zafi da ba sai an haɗiya ba.